Kafin ka miƙa wa kamfani zanen allonka

Ka tambaye ni, yaro, wace manhaja za ka riƙa zana allon da'irar lantarki da ita, kuma wane kamfani za ka bai wa ya buga maka. Tambayar farko ba ta kai a ɓata mata lokaci ba. Ka sauke KiCad, wadda ake amfani da ita tun 1992 kuma kyauta ce, domin Altium tsadarta ta fi ƙarfin almajiri, ita kuwa Eagle kamfanin Autodesk da ya saye ta a 2016 ya riga ya juya mata baya. Yadda ake fitar da fayilolin Gerber, wato fayilolin zanen da ake tura wa kamfani ya buga allon da su, da na huda ramuka kuwa, wanda bai iya wannan ba bai isa ya zauna a gabana ba.

Maganar kamfani ita ce ta taɓa mini tsohon miki. Na taɓa zana allon na'urar caji mai ɗaukar wuta mai yawa, na lissafa faɗin layukansa a kan kaurin jan ƙarfe na maikiron 70 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), wato ninki biyu na maikiron 35 da aka saba sakawa. Wani kamfani ya aiko mini da samfur mai kyau, na ɗora masa nauyi ya jure, saboda haka na ba su babban aiki. Da kaya suka iso, a ido babu abin da ya bambanta su da samfurin, aka jera kayan haɗi, aka like da dalma, aka miƙa wa masu saye. Ba a daɗe ba na'urori suka fara dawowa, layin da ke ɗauke da babbar wuta ya yi zafi har ya ɗago daga jikin allon. Sai da na yanka guda ɗaya na auna, sannan na tarar sun saka maikiron 35 sun karɓi kuɗin 70. Da na tuhume su, sai suka ce tsarinsu na yau da kullum ke nan, ba su mayar mini da ko sisi ba, ni kuwa na biya kowane mai saye daga aljihuna. Har yau idan na tuna ƙonannun allunan nan raina yana ɓaci.

Don haka kada arha ta ruɗe ka. Ka sa a rubuta komai a takardar oda: nau'in allon, wanda galibi FR-4 ne mai kaurin milimita 1.6, kaurin jan ƙarfe, da irin rufin da za a yi wa wuraren liƙi, domin ƙananan kaya masu ƙafafu a matse sun fi zama daidai a kan rufin ruwan zinare da a kan na dalma. Ka tabbatar ana gwada kowane allo da wuta kafin a turo shi, kuma ka yanka ɗaya daga cikin babban aikin ka auna da kanka.

Ku yaran yanzu kuna gama zane sannan ku nemi mai bugawa, alhali kamata ya yi ka fara karanta iyakar ƙwarewar kamfanin, wato mafi siririn layi da mafi ƙanƙantar rami da injinsa zai iya, ka shigar da su cikin dokokin binciken manhajar tun kafin ka ja layin farko. Idan ka gama, buga zanen a takarda daidai girmansa, ka ɗora kayan haɗin a kai, ka kawo mini in gani kafin ka tura.