Asalin kalmar sukari a Rashanci

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Rashawa daga Larabci suka aro "sahar" (сахар), sunan da suke kiran sukari. A'a, amma dangin juna ne. Tushensu Indiya: a harshen Sanskirit, "sharkara" na nufin tsakuwa, domin da ita sukarin rake yake kama idan ya daskare aka farfasa shi. Daga can kalmar ta rabu biyu. Ɗaya ta ratsa Farisa ta zama "shakar", Larabawa suka ce "sukkar", mu muka ce sukari. Ɗayar ta shiga Girkanci a matsayin "sakkharon", Rashawa suka ɗauko ta nan.

Wajen furuci, "h" ɗin daga maƙogwaro take fitowa kamar خ, nauyin murya kuma a gaɓar farko. Kula da wannan sosai: "sáhara" na nufin "na sukari", "Sahára" kuwa hamadarmu ce, rubutu iri ɗaya.

Abin da ya fi burge ni, idan rayuwa ta yi tsanani sukan ce "ne sahar", wato ba sukari ba ce. Sunan Andrei Sakharov ma, masanin da aka ba kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1975, daga kalmar ya fito.