Kafin ka kama hayar garejin nan na Sakramento

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma na taya ka murnar samun gurbin karatu. Ka ce an turo maka hoton wani gareji da aka mayar ɗaki da banɗaki a birnin Sakramento na jihar Kalifoniya ta Amurka, hayarsa da sauƙi, sannan Kawu yana tunanin nan gaba ku sayi fili ku ɗora gidan da ake haɗawa a masana'anta.

Irin wannan ɗaki a tallace-tallace za ka ga an rubuta ADU, kusan boskwata ɗinmu ne. Halal ne a Kalifoniya, har ma gwamnati ƙarfafa shi take saboda ƙarancin gidaje. Tun daga 2017 jihar ta fara ɗaure hannun birane don kada su riƙa hanawa, dokokin da suka fara aiki a 2020 kuma suka ba birni kwana 60 ya amsa takardar mai neman izini. Ƙaramin nau'insa da ake yankawa a cikin babban gida ba ya wuce murabba'in ƙafa 500, wanda ke tsaye da kansa yana iya kai 1,200.

Abin da ya dame ni shi ne, gareji da yawa an gyara su ne a ɓoye, babu izini, babu jami'in da ya duba wayar wuta ko bututun gas. Su ne masu arha, kuma baƙi irinka ake ba. Ranar da maƙwabci ya kai ƙara, birni zai iya cewa a fita, kai ne za ka kwashi kaya ana tsakiyar jarrabawa. Wannan ma mai sauƙi ne. A Satumban 2021, lokacin ambaliyar guguwar Ida, mutum 11 suka rasu a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa a birnin New York, akasarinsu baƙi ne 'yan ci-rani. Ruwa ya danne ƙofa, babu wata hanyar fita.

Saboda haka ka ce mai gidan ya zagaya da kai ta bidiyo. Dubi tagar ɗakin kwana: doka ta ce ta buɗe yadda babban mutum zai iya fita, kuma tsayinta daga ƙasa kada ya wuce inci 44. Idan 'yar taga ce can sama kusa da silin, ka haƙura. Dubi sama ko akwai na'urar da ke ƙara idan ta ji hayaƙi. Sannan ka tambaye shi lambar takardar izinin ginin. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Maganar Kawu kuwa, ka gaya masa gidan masana'anta iri biyu ne. Akwai wanda ake ginawa bisa ƙa'idar gwamnatin tarayya da ta fara aiki a 1976, yana zuwa a kan firam ɗin ƙarfe da jan tambari a jikinsa. Akwai kuma wanda ake kawowa gunduwa-gunduwa a ɗora kan harsashi, shi dokar ginin jiha yake bi. Ko wanne ya zaɓa, birni ko gunduma ce ke da ta cewa kan inda za a ajiye shi, nisansa da katanga, da haɗin ruwa da magudana. Fili mai arha a bayan gari yakan cinye kuɗi wajen rijiya da ramin masai da jawo wuta. Dokar wata jiha kuma ba ta aiki a wata: jihar Masachusets sai a Fabrairun 2025 ta buɗe ƙofar gina ADU, har murabba'in ƙafa 900.

Kada ka tura ko dala ɗaya tukuna. Turo min adireshin gidan, zan duba rajistar izinin gini ta birnin, in kuma sa wani ɗan'uwa ya je ya gani da idonsa. Ka gaida Hajiya da Kawu.