Kafin Ka Ƙara -V a Layin Umarni, Ji Abin da Ya Same Ni

Ka aiko kana cewa, "Maigida, na haɗa ATmega328P da kwamfuta ta mashigar siriyal, na ba avrdude umarni, amma kullum sai ya ce na'urar ba ta amsawa. Wani ya ce in ƙara -F da -V, shin in ƙara?" ATmega328P dai ƙaramin aisi (IC) ne da ake rubuta wa shiri, avrdude kuma manhajar kwamfuta ce da ke rubuta shirin a cikinsa. Rabin farko na tambayarka bai kai in zauna in yi rubutu a kansa ba. Rabi na biyun ne ya sa na ajiye abin da nake yi, domin ya fama mini wani tsohon miki.

Rashin amsawa dai ko yaron da ya yi wata guda a wurina ya san inda ake dubawa. TX (layin aikawa) na wannan yana tafiya RX (layin karɓa) na wancan, GND ɗinsu a haɗe. Butloda ita ce ɗan shirin da ke zaune a cikin aisin yana karɓar sabon shiri ta siriyal; saurin layi 115200 ne idan butlodar Optiboot ce a ciki, 57600 idan tsohuwar ce. Layin DTR na siriyal yana isa ƙafar RESET ta cikin kafasita mai 100 nF. Idan mashigar RS-232 ta ainihi ce, wadda wutarta kan kai bolt 12 sama da ƙasa, to sai da aisin MAX232 mai daidaita wutar a tsakani. Idan kuwa aisin sabo ne fil, babu butloda a cikinsa ko kaɗan, kana ƙwanƙwasa ƙofar gidan da babu kowa ne. Shi ba kamar STM32 ba ne da ke zuwa da tasa tun daga masana'anta. Ba zan ƙara a kan wannan ba, mita tana hannunka.

Shi -F abin da yake yi kawai shi ne ya sa avrdude ya kau da kai daga sa hannun aisin, wato lambobin nan uku, 1E 95 0F, da suke shaida cewa 328P ne. Bai taɓa sa kurma ya ji kira ba. Idan ka ga sa hannun ya dawo 00 00 00, wayarka ce ke da matsala, tilastawa ba ta gyara waya. Shi kuma -V yana hana manhajar ta sake karanta abin da ta rubuta don ta gwada shi da fayil ɗinka. Wannan harafi guda shi ya ci mini fanel (allon da ake liƙa aisi a kai) sittin a dare ɗaya.

A lokacin ina jin kaina, don na riga na yi suna a aikin. Wani mutum ya kawo mini aikin na'urorin auna zafi, kowace da ATmega328P ɗin nan mai ƙananan ƙafafu 32 an riga an liƙa shi da darma a kan fanel. Babu butloda, saboda haka na yi amfani da wata 'yar mahaɗa da na harhaɗa da hannuna daga razistoci da zena, wadda ke juya layukan mashigar siriyal su yi aikin ISP, wato rubuta wa aisin kai tsaye ba tare da butloda ba, irin wadda avrdude ya sani da sunan ponyser. Tana aiki, sai dai tafiyar hawainiya take yi, kuma karatun tabbatarwa yana kusan ninka lokacin kowane fanel. Mutumin nan ya tsaya a kaina yana cewa da wayewar gari zai zo ya kwashe kayansa, in ba haka ba ya fasa. Sai na rubuta ɗan fayil da ke maimaita umarnin, na sa -V a ciki, ina ganin na yi dabara.

Aikin yana bukatar a taɓa fiyus, wato lambobin saitin aisin da suka haɗa da hfuse da lfuse, domin lambobin daidaita ma'auni suna zaune a EEPROM, ma'ajiyar da ba ta mantuwa ko an ɗauke wuta, kuma ana son kada su goge duk lokacin da aka sake rubuta shirin. Don haka hfuse zai tashi daga 0xD9 na asali ya koma 0xD1, lfuse kuma ya tsaya a 0x62 yadda yake. Ban ma da dalilin rubuta lfuse, iyayi ne kawai ya sa na saka shi. Da gajiyar dare sai na musanya su, 0x62 ya tafi hfuse, 0xD1 ya tafi lfuse.

Ka buɗe littafin bayanin aisin ka duba da idonka. A fiyus ɗin AVR, sifili shi ne a kunne, ɗaya kuma a kashe, akasin yadda hankali yake ɗauka. Bit na bakwai a hfuse shi ne RSTDISBL, kuma a 0x62 sifili ne, wato na mayar da ƙafar RESET ƙafa ta gama-gari, alhali ISP ba ya shiga sai ta RESET. A ɗaya ɓangaren kuma 0xD1 ya kai zaɓin agogo kan 0001, wanda littafin ya ce ba a amfani da shi. Na kulle ƙofa, na kuma kashe fitilar ɗakin.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne da fanel na farko kaɗai zan rasa. Bit ɗin SPIEN na hfuse, mai ba da damar ISP, ba ya canzuwa ta hanyar ISP, don haka da avrdude ya sake karantawa da ya ga 0x42 a maimakon 0x62, ya yi mini kuka nan take. Ni na toshe masa baki. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina cirewa ina sakawa, na ce gwaji sai a ƙarshe. Da asuba na ɗauki na farko ya yi shiru, na goma shiru, na ƙarshe shiru.

Magani ɗaya ne, a ba RESET bolt 12 ta hanyar rubutun babbar wuta, wanda ke bukatar wayoyi kusan ashirin a jikin aisin, abin da ba ya yiwuwa yana kan fanel tare da sauran kayan. Na kwana shida ina cire su da iska mai zafi, wasu layukan tagullar suka ɗago, fanel goma sha ɗaya ba su ƙara moruwa ba. Laifin fiyus nawa ne, ban taɓa musun haka ba. Amma mutumin da ya hana ni barci da gaggawarsa bai zo ba sai bayan kwanaki, kuma da ya ga halin da nake ciki ya karɓi waɗanda na ceto, ya ce asarar ta cinye ladan aikina. Daga baya na ji ya kai fayil ɗina na hex wurin wani yana buga masa, ko sallama babu.

Ku yaran yanzu abin da ke damuna da ku ke nan: kuna kwafo layin umarni daga intanet kamar laya, ba ku san ma'anar harafi ɗaya a ciki ba, kuma da manhaja ta yi gargaɗi sai ku nemi abin da zai rufe mata baki. Sa'arka ɗaya, butloda ba ta iya canza fiyus, don haka muddin ta nan kake shiga ba za ka yi irin ɓarnata ba. Ranar da ka ɗauki ISP kuwa, ka fara karanta fiyus da -U hfuse:r:-:h ka rubuta a takarda, ka gama fanel ɗaya ka gwada shi kafin ka taɓa na biyu. Yanzu je ka musanya TX da RX, ka ƙara -v ƙarami, shi ne mai yawaita bayani, sannan ka turo mini duk abin da ya fito a allon.