Tambaya da Amsa: Anya Kwamfuta Ba Ta Leƙen Kartata a Wasan Dou Dizhu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sauke wani wasan karta na Sinawa a wayata, Dou Dizhu, wanda mutum uku ke yi, biyu su haɗe wa ɗaya kai. Sauran kujeru biyun kwamfuta ce ke riƙe da su. Na iya dokokin daidai gwargwado, amma kullum cinye ni ake yi. Abin da ya fi ɗaure min kai, duk sanda na ɓoye babbar karta don ƙarshe, sai in ga kamar an san da ita. Anya ba leƙen hannuna ake yi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in fara da ɗan bayani saboda waɗanda ba su taɓa ganin wasan ba. Karta 54 ake amfani da ita, har da joka biyu. Kowa a ba shi 17, a ajiye uku a gefe, sannan a yi tayi daga maki 1 zuwa 3. Wanda ya fi tayawa shi ne mai gandu: a buɗe ukun nan kowa ya gani, ya kwashe su, kartarsa ta zama 20, kuma shi zai fara jefawa. Sauran biyun su ne manoma. Wanda ya riga ƙarar da hannunsa ya ci, kamar dai a wot, sai dai a nan manomi ɗaya na ƙarewa, duka biyun sun ci. Wasan ya taso ne daga lardin Hubei, sunansa kuma na nufin yaƙar mai gandu, yana tuna zamanin da aka ƙwace gonaki daga hannun manyan masu ƙasa a Sin a farkon shekarun 1950. Mafi ƙanƙanta a jerin karta ita ce 3, a haura har A, sai 2, sai ƙaramin joka, sai babba.

To, batun leƙe. Kwamfuta ba ta da buƙatarsa, domin kai da bakinka kake faɗa mata abin da ke hannunka, duk lokacin da ka jefa da duk lokacin da ka ce ka wuce. Ɗauki wannan misalin. Kana manomi, kana riƙe da 2 guda ɗaya kana tattalinta. Mai gandu ya riga ya jefa 2 guda biyu, ɗaya kuma ta fita daga hannun abokinka. Huɗu ne duka a karta, don haka mai gandu ya san saura ɗaya, kuma tana wajen ɗayanku. Can sai ya jefa A, abokinka ya wuce alhali saura masa karta uku, yana matuƙar son hannu ya dawo gare shi. Da yana da 2 ɗin da ya danne. Shi ke nan, an gane tana wajenka. Daga nan mai gandu zai daina jefa ɗaiɗai, ya koma jefa bibbiyu, 2 ɗinka ta mutu a hannunka. Ba sihiri a ciki, ƙidaya ce, kuma na'ura ba ta mantuwa.

Akwai shaida a kan haka. A 2021 masu bincike na kamfanin Kuaishou, tare da abokan aikinsu daga jami'o'in Amurka, sun fitar da wata manhaja mai suna DouZero. Ba a koya mata dabarun gwanaye ba. An bar ta ta yi ta karawa da kanta, tana lura da jifan da ya kai ta ga ci da wanda ya kai ta ga faɗuwa. Abin da take gani a lokacin wasa shi ne abin da kai ma kake gani: kartar hannunta, abin da aka jefa, da yawan kartar da ta rage wa kowa. Da wannan kaɗai ta zo ta ɗaya a cikin manhajoji 344 a dandalin gasa na Botzone. Aikin ba ƙarami ba ne, don jife-jifen da dokar wasan ta yarda da su sun kai iri 27,472, ga shi kuma yawancin kartar a rufe take, saɓanin wasan ces (chess) inda komai ke shimfiɗe a gaban kowa.

Amma ni ba ƙidaya ce ta fi damuna a wasiƙarka ba. Ka ce kana ɓoye babbar karta don ƙarshe. Ƙarshen wa? Idan kana manomi kuma tunaninka duka yadda kai za ka ƙare ne, to ka mayar da wasan mutum uku kowa tasa ta fishshe shi, ka ba mai gandu abin da bai biya ba. Shi yana da ƙarin karta uku da damar farawa. Abu ɗaya tak ku kuke da shi wanda ba shi da shi: ku biyu ne.

Ka fara duba inda kake zaune kafin ka duba kartarka. Jifa na zagayawa ne daga mai gandu zuwa manomi na farko, zuwa na biyu, ya dawo kan mai gandu. Idan kai ne na biyu, wato kai ke jefawa dab kafin mai gandu, aikinka tsaron ƙofa ne. Aka jefa 5 ɗaya tilo, kada ka ɗora 6 don kawai ka rabu da ita, domin ka buɗe wa mai gandu hanya ya zubar da 7 ko 8 ɗin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Ɗora Q ko K, ka tilasta masa ko dai ya kashe babbar karta ko ya wuce. Za ka ƙare wasan da tarkace a hannu, ba komai, ba a ƙirga abin da ya rage maka. Idan kuwa kai ne na farko, mai bin bayan mai gandu, kai ne ka fi samun sararin zubar da ƙanana, sau da yawa kuma kai ake sa ran ka ƙare.

Ga yanayin da nake so ka riƙe sosai, don yana yawan zuwa. Kai ne manomi na farko. Abokinka saura masa karta ɗaya. Mai gandu ya jefa 9 biyu. A hannunka akwai K uku da ka tanada don ka haɗa su da wata ƙaramar karta, akwai kuma 4 da wasu tarkace. Mutum na jin nauyin wargaza K ukun nan. Wargaza su. Jefa K biyu. Idan A da 2 sun riga sun fita yadda mai gandu ba zai iya dannewa ba, hannu ya dawo gare ka, sai ka jefa 4. Abokinka ne ke bin bayanka kai tsaye, mai gandu ba shi da damar shiga tsakani, kuma in dai kartar da ta rage masa ta fi 4, kun ci. Ko bam ne a hannunka, wato karta huɗu iri ɗaya, wannan ne lokacinsa. Akasin haka kuma, idan mai gandu ne ya rage da karta ɗaya, kada ka kuskura ka jefa ƙaramar karta tilo. Jefa bibbiyu ko jeri, wato karta biyar ko fiye masu bin juna, in babu, fara da mafi girman abin da kake da shi ka riƙa saukowa.

Wani abin kuma, kada ka danne kartar abokinka haka kawai. Ya jefa A, mai gandu na iya kasa dannewa, kai kuma ka ɗora 2 a kai: kun kashe manyan karta biyu a kan zagaye ɗaya. A nan ne ma za ka gane irin kwamfutar da ka samu. Wasu manhajojin masu sauƙi suna bin ƙa'ida ɗaya ce kawai, su jefa mafi ƙanƙantar kartar da za ta iya dannewa, ko da abokin tafiyarsu ne ya jefa. Idan taka irin wannan ce, ka fi yawan neman kujerar mai gandu, don manoma biyu da ba sa jituwa sun fi sauƙin kayarwa. Ina dai jan kunnenka, dabarar da ke ci a kan irinsu ba za ta yi maka aiki a gaban mutanen da suka san juna ba.

Tambaya: Malam, ni matsalata tayi ne. Da na ga joka a hannuna sai in taya 3, daga baya in rasa yadda zan yi da sauran. Yaushe ya dace mace ta karɓi gandun?

Amsa: 'Yar'uwa, joka ɗaya zagaye ɗaya kawai yake ci miki. Kafin ki taya, ki ƙirga abu biyu: jifa nawa kike buƙata ki ƙarar da hannunki, kuma sau nawa za ki iya ƙwato hannu idan ya kuɓuce.

A ce an raba miki 3, 4, 5, 6, 7, 8, da 9 biyu, da J uku, da Q, K, A, da 2 biyu, da ƙaramin joka. Goma sha bakwai ke nan. Daga 3 zuwa 8 jeri ne, jifa ɗaya, tunda doka ta ce jeri ya kai karta biyar ko fiye, kuma 2 da joka ba sa shiga cikinsa. J uku su ɗauki 9 biyun su tafi tare, jifa na biyu. Saura Q, K, A, 2 biyu da joka. Ba ki da ƙaramar karta ko ɗaya da ta maƙale, kuma kina da 2 biyu da joka na ƙwato hannu. Wannan hannun a taya ne. In Allah ya sa 10 na cikin ukun da ke gefe, kin samu jeri daga 3 har A, karta goma sha biyu a jifa ɗaya. Yanzu ki cire 5 da 7 daga hannun nan ki sa wata 3 da wata Q. Manyan suna nan yadda suke, amma jerin ya watse, 4 da 6 da 8 kowace sai an nema mata zagayenta. Wannan ki wuce, ki zama manomiya mai ƙarfi. Kada ki dogara da ukun gefe su gyara miki hannu, sau da yawa ƙarin kaya suke zama.

Tambaya: Wasan da nake yi yana ba ni wake na cikin manhaja, wanda da shi ake biyan maki, in ya ƙare a ce in saya da kuɗi. Wannan ba caca ba ce?

Amsa: Hukunci na malamai ne, ɗan'uwa, amma zan nuna maka yadda lissafin yake. Shahararren wasan nan na kamfanin Tencent da irin wannan waken yake aiki, wasu da yawa kuma sun kwaikwaya. Kowane bam da aka jefa yana ninka makin, haka ma roka, wato joka biyu a haɗe. Aka taya 3, bam biyu suka tashi, maki ya zama 12, mai gandun da ya faɗi kuma zai biya kowane manomi 12, wato 24. Akwai ƙarin ninki idan mai gandu ya ƙare manoma ba su jefa ko ɗaya ba. Hannu ɗaya na iya share abin da ka tara a mako, kuma daidai lokacin da zuciyarka ke tafasa tallar sayen waken ke fitowa. A babban yankin Sin kanta doka ta hana caca da kuɗi, in ban da tikitin sa'a na gwamnati. Shawarata, kada ka sa ko sisinka. Nemi manhajar da ke aiki ba tare da intanet ba, kai da kwamfuta kawai.

Tambaya: Na ga wani mai suna Big Two. Duk ɗaya ne da Dou Dizhu?

Amsa: Dangi ne, amma halinsu daban. Big Two, wanda ya yi ƙarfi a Hong Kong da Taiwan, mutum huɗu ne, karta 52 ba joka, kowa 13, kuma kowa kansa yake yi wa. Alamar karta tana da daraja a can, shi ya sa a tsarin Hong Kong mai riƙe da 3 mai alamar daimon ke farawa, kuma ana cin ka tara gwargwadon kartar da ta rage maka. Don haka tsaron ƙofar da na yaba a sama, inda kake ƙarewa da tarkace, asara ce a wannan wasan. Idan haɗin kan ne ya burge ka, nemi Guandan, wanda ya fito daga Huai'an a lardin Jiangsu: mutum huɗu, biyu-biyu, da karta 108, abokin tafiyarka kuma yana zaune yana fuskantarka.