Gidan dala 1,000 a Detroit: a saya ko a bari?

Ɗan'uwa, ka ce haya ta gallabe ka a Brooklyn ta birnin New York, kana tunanin komawa birnin Detroit na jihar Michigan saboda arhar gida. Arhar gaskiya ce. Mutanen garin sun kusa miliyan 1.85 a 1950, a ƙidayar 2020 sun koma kusan 639,000, shi ya sa kangaye suka yi yawa. Hukumar Detroit Land Bank, mai kula da kangayen garin, tana buɗe gwanjonsu daga dala 1,000.

Sai dai arha ba ta ado. Sharaɗinsu shi ne ka gyara gidan cikin wata shida, in ka gaza suna iya karɓe abinsu. Galibi ɓarayi sun riga sun kwashe wayoyin lantarki da bututun jan ƙarfe, wani lokacin har tukunyar ɗumama gida. Rufin da ya yi shekaru yana yoyo kuwa ya ruɓar da katakon ƙasa. Kafin ka yi tayi, tura mai duba gini ya hau rufi, ya sauka ɗakin ƙasa, ya zura kyamara a bututun bahaya. Wajen 'yan kasuwa za ka saya? Bincika bashin ruwa da na haraji, don gidan suke bi, kuma bashin harajin shekara uku yana sa gundumar Wayne, wadda Detroit ke cikinta, ta ƙwace shi.

Lissafa harajin gari na kashi 2.4 a albashinka, da inshorar mota mai tsadar gaske, ga shi zama ba mota wahala ne.

Unguwannin Corktown da Midtown sun riga sun yi tsada. Shawarata, kama haya shekara guda a unguwar da kake so, ka ga hunturunta tukuna.