Zauren Masassaƙa: Murfin Battata Ya Cije

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni kafinta ne, shekarata 3 ina fitar da ƙafafun tebur da na gado a injin juyi. A watan Agusta na gwada yin battar katako mai murfi guda 6 da guntayen maɗaci, irin wadda mata ke zuba zobba da 'yan kunne. Ranar da na gama, kowane murfi yana zama daram. Yanzu da hunturu ya shigo, 4 ba sa rufuwa sai an juya murfin ta wani gefe, ɗaya kuma ta tsage a gindi. Injina ne ya karkace, ko hannuna? Daga wani kafinta a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗana. Injinka lafiyarsa ƙalau, hannunka ma haka. Maɗacinka ne bai gama bushewa ba. Ƙafar tebur tana ɓoye wannan aibi, domin ko ta tsuke babu mai lura. Batta ba ta ɓoye komai, tunda abu biyu ne da dole bakinsu ya haɗu.

Itace ko an sare shi bai daina shan laima ba. Da damina ya sha ya kumbura, da hunturu ya saki ya tsuke. Kuma ba ya tsukewa bai ɗaya. Ta tsawonsa kusan ba ya motsi. Ta faɗi kuwa, tsukewar da yake yi in an bi zoben shekarun nan da kake gani a bakin gungume ta kusa ninka wadda yake yi daga cibiya zuwa ɓawo. Shi ya sa da'irar da ka fitar a Agusta ta koma siffar ƙwai a Janairu. Murfin da jikin duk sun zama ƙwai, don haka in ka daidaita zanensu sai su shiga, in ka gitta su sai su cije. Wadda ta tsage kuwa, duba gindinta. Na tabbata za ka ga cibiyar itacen a ciki. Daga nan tsaga take farawa kullum, don haka tun wajen yanka da zarto ake kauce mata.

Ni ma haka ta same ni da battocin kanya da na yi wa ɗiyar ƙanwata lokacin bikinta. Kafin ta cika wata 5 a ɗakinta aka dawo mini da biyu a ƙunshe cikin ɗankwali. Abin ya daɗe yana damuna, kuma tun daga ranar ban sake gama batta a zama ɗaya ba.

Ga yadda nake yi yanzu. In sami guntu mai inci 3 ta kowane gefe, tsawonsa inci 5, jijiyar itacen tana bin tsawon injin. In kewaye shi, in fitar masa da ɗan wuya a kai da gindi inda muƙamuƙin injin zai damƙa, in raba shi biyu: kashi ɗaya cikin uku murfi, sauran jiki. In rarake cikin kowanne sama-sama, in bar kaurin bango kamar rabin inci. Daga nan aiki ya tsaya. In shafa kakin kyandir a bakunan, in naɗe su a takardar buhun siminti tare da ɓarɓashinsu, in ajiye a inuwa. Duk Juma'a nakan ɗora su a ƙaramin sikeli in rubuta nauyin da fensir a jiki. Ranar da nauyi ya tsaya mako 3 a jere bai ragu ba, sun isa aiki. Sau da yawa wata 2 zuwa 3 ne.

Wajen gamawa, murfi ake fara yi. Kada ka saɓa wannan. Ka gyara cikinsa, ka goge da samfefa, bakin da wuyan jiki, wato ɗan leɓen da murfi ke zama a kai, zai shiga ya miƙe sak, kada ya buɗe waje kamar bakin tasa. Sannan ka ɗaura jikin, ka riƙa rage wuyansa kaɗan-kaɗan kana tsai da inji kana gwada murfi. Rage wuya abu ne mai sauƙi, ƙara masa kuwa ba ya yiwuwa, kuma tsakanin matsewa da yin lako-lako bai wuce shafa ɗaya ta bakin ƙarfe ba. A wannan gaɓa ka bar shi da matsi sosai, domin jikin ne zai riƙe maka murfin yayin da kake fitar da siffar waje gaba ɗayanta da saman murfin. Ka tokare shi da tsinin bayan injin har sai saura ɗan tsinin da za ka cire a hankali.

In ka rarake cikin jikin, ka sauke ka bar shi ya kwana 2 ko 3. Zafin samfefa da cire naman ciki suna sa ya ɗan motsa. Bayan nan ne za ka mayar ka sassauta wuyan, ka bar sarari kamar kaurin takarda. Na san mu masu sana'a muna son jin ƙarar nan in an zare murfi, amma matar da za ta saya da hannu ɗaya take buɗewa, kuma murfi mai gardama watsar mata da zobba zai yi.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba amma sai na faɗa: ka naɗe hannun rigarka, ka sa abin kare fuska, kuma in an ɗauke wuta ka kashe makunnin injin nan take. Wuta ba ta sallama in za ta dawo.

Tambaya: Baba, wane itace ya fi dacewa? Kuma me ya sa zanen murfina ba ya haɗuwa da na jiki, alhali guntu ɗaya ne? Daga wani ɗalibin sana'a a Katsina.

Amsa: Zanen ba ya haɗuwa ne saboda abin da ka cinye a tsakani ya yi yawa. Ƙarfen rabawa ya ci nasa, wuya ya ci nasa. Ka raba da siririn ƙarfe ko zarto bayan ka tsai da inji, wuyan kuma kada ya wuce kwatan inci, sannan ka zaɓi guntu mai miƙaƙƙen zane.

Batun itace, ni kirya na fi so. Taurinta da ya sa ake turmi da ita shi ke sa bakinta fita tsaf, sai dai za ta sa ka wasa ƙarfe akai-akai. Kanya tana santsi kamar an shafa mata mai. Maɗaci ya fi sauƙin samu, kuma ya ishi mai koyo. Malaina ta yi laushi, gashi take tayarwa, marke kuma yawan tsagewa gare shi. Madobiya ta fi su duka kyau, amma an yi mata sara ba na wasa ba ana lodinta zuwa Sin, har aka sa ta a jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta cinikin dabbobi da tsirran daji tsakanin ƙasashe, ke sa wa ido tun 2017. Ni ba na sayen sabon gungumenta. Guntayen tsohuwar ƙofa ko kujera sun ishe ni, ga su kuma a bushe tuntuni.

Tambaya: Malam, maigidana ya sayo mini batta ta katako, ina zuba turaren wuta a ciki. Da ruwa ya sauka murfin ya cije gam. In sa wuƙa in ɓamɓare? In shafa man gyaɗa? Daga wata uwargida a Maraɗi.

Amsa: A'a Hajiya, kada wuƙa ta je wurin, bakin zai ɓalle. Kada kuma ki shanya ta a rana. Ki ajiye ta a ɗakin da ya fi bushewa a gidan, nesa da randa, kwana 4 ko 5. Sannan ki riƙe da tsumma, ki murza murfin a hankali har layukan jikinsa su daidaita da na ƙasa, ki ja sama. In ya fita, ki goga kyandir a wuyan. Man gyaɗa yana shiga katako ya jima ya yi ɗoyi, kakin zuma ya fi shi nesa ba kusa ba. Turaren kuwa, tunda da maiƙo da ɗan danshi a jikinsa, ki zuba shi a ƙaramar kwalba mai faɗin baki, ki sa kwalbar a cikin battar.