Me ya sa hancin jirgin sama ke kallon hagu a zane?

Ƙanena, ka ce a zanen jiragen da ake ba ku a makaranta nan Yamai kullum hanci na kallon hagu, kana tambaya ko doka ce. Al'ada ce da ta kafu, kuma tana da dalili. Ana auna tsawon jirgi daga wajen hanci zuwa wutsiya, lambobin na ƙaruwa ana yin baya. In hanci na hagu, sai lambobin su tafi daga hagu zuwa dama kamar rubutun boko. Gefen da kake gani kuwa na hagu ne, wato hagun matuƙi yana zaune a kujerarsa, inda ƙofar shigar fasinja take.

Amma abin da na fi so ka kiyaye shi ne jerin hotunan, wato yadda ake jera hotunan abu ɗaya da aka hango daga ɓangarori daban-daban a takarda ɗaya. A tsarin Turai, wanda muka gada daga Faransa, hoton da aka hango daga sama ana ajiye shi ƙarƙashin babban hoton, na hagu kuma ya koma dama. A tsarin Amurka na sama yana sama, na dama yana dama. Na taɓa ganin wani yaro ya yanka ƙarfe, ya huda ramuka shida a gefen da ba shi ba, saboda ya karanta zanen Amurka da idon Faransa. Ƙarfen ya tashi a banza, raina ya ɓaci sosai.

Kafin ka taɓa komai, duba akwatin da ke kusurwar ƙasa ta takarda. Akwai ɗan hoto kamar bokiti kwance da da'ira biyu. In da'irorin na gefen bakinsa mai faɗi, tsarin Turai ne. In suna gefen siririn, na Amurka ne.